Yadda jini ke kewaya jiki, da abin da ke tare masa hanya

Ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya tana tsotsar abinci da iska kai tsaye daga inda take zaune. Mutum da raƙumi da giwa kuwa girmansu ya wuce haka, dole sai da ɗan aike mai kai kaya kowane lungu na jiki. Jini shi ne wannan ɗan aike.

Babban mutum na ɗauke da jini kimanin lita 5. Zuciya, mai ɗakuna 4, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan ana hutawa. Ɓangarenta na dama yana tura jini zuwa huhu, inda yake sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Na hagu kuma yana harba shi cikin manyan jijiyoyi, su yi ta rassa har su fi gashi siranta. A nan ake sauke oksijin da abincin da aka ɗebo daga hanji, a kwashe dattin da ƙoda za ta tace. Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya bayyana zagayen huhu, sannan William Harvey na Ingila ya fayyace zagayen baki ɗaya a 1628.

Idan hanyar ta toshe, rai na cikin haɗari. Jar ƙwayar jini lafiyayya tana rayuwa kusan kwana 120. Ta mai sikila tana lanƙwashewa kamar lauje, ta maƙale a siraran jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan azabar ciwon ƙashi da ƙarancin jini ke tasowa. Hawan jini kuwa, wato awon da ya tsaya a 140/90 ko sama, yakan ɓata jijiyoyi shiru har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda.

Mazauna Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, wanda aka kafa a 1988, inda ake kula da masu waɗannan cututtuka. Sai dai rigakafi ya fi magani. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, ciki har da na sikila. Amfaninta ya rataya kan abu biyu: gwajin ya zama na gaskiya, kuɗinsa kuma kada ya gagari talaka.