Gayya

Gayya aiki ne na taron dangi da maƙwabta a gonar mutum ɗaya, tushenta ɗaya da "gayyata", domin sai an kira ake zuwa. A fadamun Komadugu, kusa da Diffa, lokacin dashen tattasai, mai gona yakan sa rana, ya dafa abinci, a raba kunya-kunya, a gama kafin la'asar. Ƙarfinta yana nan: aiki ƙayyadadde, wa'adi gajere, kowa yana ganin abin da ya rage. A zamanin mulkin Seyni Kountché a Nijar, ƙungiyoyin Samariya sun riƙa yin irin wannan aiki don amfanin gari, kamar share hanya da ginin ajujuwa.