Daga Katsina: Zango Uku na Yini Guda

Duk wanda ya sauka Katsina hutu, akwai wurare uku da zai je da safe ya dawo kafin Magariba. In an haɗa su, tarihin sarauta ne a jere.

Mu fara da Durɓi ta Kusheyi, wajen Mani, inda kaburburan Durɓawa suke, gidan da ya riƙe ƙasar kafin Muhammadu Korau. An tona wasunsu a 1907, aka sake a 1992.

Sai Maraɗi, cikin Nijar. Da Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna can. Shi ya sa har yau ake kiran sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi.

Daura kuwa, garin rijiyar Kusugu, nata labarin daban ne. Jihadi ya kori sarakunanta, amma kimanin shekara ɗari bayan haka Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango.

Mu marubuta mun cika ƙaga sarautu a ɗaki, alhali ga na gaskiya kusa da mu. Gani ya kori ji.