Garin 'Ya'yan Zogale a Ruwan Wanka da Wanki: Bitar Abin da Bincike Ya Tabbatar

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar binciken da aka wallafa kan amfani da 'ya'yan zogale wajen kwantar da dattin ruwa, sannan ta auna ko sakamakon ya shafi ruwan wanka, wanki da wanke-wanke. Matsayarta ita ce zogale yana washe ruwa, amma ruwan sabulu yana da halinsa daban da na kogi.

Gabatarwa

Ruwan da ke fita daga banɗaki da wurin wanki da na wanke-wanke, ban da na masai, shi ne kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na ruwan da gida ke zubarwa. A unguwannin da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, wannan ruwa kwata yake bi. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin sake amfani da shi a noma, da sharaɗin a rage haɗarinsa tukuna. Alam da aka saba kwantar da datti da shi sai an saya, yana ƙara wa ruwa tsami, yana kuma barin laka mai yawa.

Abin da aka tabbatar

Matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan sun riga masana amfani da 'ya'yan zogale. Samia Al Azharia Jahn ta yi nazarin yadda suke daka irin su zuba a tulu, ta wallafa sakamakon tare da Hamid Dirar a 1979. A 1995 Ndabigengesere da abokan aikinsa suka nuna cewa wani furotin ne na cikin irin mai cajin lantarki na alamar tarawa yake manne wa ƙwayoyin datti masu alamar ragewa, su dunƙule, su nutse, kuma lakar da yake bari ba ta kai ta alam ba. Okuda da abokansa, a 1999, suka gano cewa jiƙa garin a ruwan gishiri yana ninka ƙarfinsa. Gwajin da masanan Jami'ar Leicester suka yi a matatar ruwan Thyolo ta Malawi ya saukar da duhun ruwa daga sama da 270 zuwa ƙasa da 4 a ma'auninsa na NTU, bayan an bi da shi ta matatar yashi.

Tattaunawa

Sai dai duk wannan a kan ruwan laka aka yi. Yawancin sinadaran kumfa da ke cikin omo da sabulu alamar ragewa suke ɗauke da ita, don haka suna kama furotin ɗin tun kafin ya kai ga datti. Awon da ya ishi bokitin ruwan rafi ba lalle ya ishi na ruwan wanki ba. Maiƙon ruwan kwanuka ya fi wahala, gara a ware shi.

Matsala ta biyu tana cikin garin kansa. Mai da sauran abin da ke cikin irin suna shiga cikin ruwa su zama abincin ƙwayoyin cuta, shi ya sa ruwan da ya washe da safe, in ya kwana sai ya fara wari. Matse man tukuna yana rage wannan. Sinadarin sodiyam na omo kuwa, wanda ke daskarar da ƙasar lambu, zogale ba ya taɓa shi ko kaɗan, kuma abin mamaki, rahotanni da yawa ba sa ma auna shi.

Saboda haka ruwan da aka kwantar da zogale, aka tace da yashi, ya dace da kora masai da ban ruwan itatuwa a ranar da aka tace shi, ba sha ba, ba kuma latas da ake ci ɗanye ba. Ana kira ga sassan kimiyyar ruwa na jami'o'inmu su gwada shi a kan ruwan wankin gidaje na gaske, su auna sodiyam da ƙwayoyin cuta bayan awa 24.