Zurfin Bit a Na'urorin Sauti na USB Bisa Linux: Nazari Domin Masu Naɗar Murya a Ƙasar Maraɗi

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin dalilin da ya sa na'urar da aka rubuta wa bit 24 kan naɗo sauti mai bit 16 a kwamfutar Linux. An gano cewa sau da yawa laifin na saiti ne, na'urar lafiyarta lau.

Gabatarwa

Tun da aka buɗe rediyon karkara na Bankilare a 1999, gidajen rediyon al'umma suka yaɗu a Nijar. A Agye, Cadawa, Gazawa da Gidan Rumji, mai naɗar labarin dattawa ko kiɗan kalangu na buƙatar kayan aiki masu araha, kuma Linux kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukar ta. A irin wannan naɗi, zurfin bit shi ke ƙayyade tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni. Kowane bit na ƙara kusan desibel 6, wato bit 16 na ba da 96, bit 24 kuwa 144 a lissafi.

Hanyar Nazari

An dogara da ƙa'idojin sauti na USB na 1998 da 2006, da tsarin sauti na ALSA wanda ya shiga ƙwayar Linux a 2002. An bi sauti daki-daki, daga na'ura zuwa fayil.

Sakamako

Wuri uku bit kan salwanta. Na farko, zubin adanawa. Wasu na'urori na aiko bit 24 cikin bayit uku, wato S24_3LE, wasu kuma su zuba shi cikin bayit huɗu, S32_LE. Idan aka nemi S24_LE ta hw, wato ƙofar ALSA ta kai tsaye, daga na'urar da ba ta san shi ba, sai naɗin ya ƙi tashi. Wanda ya ga 32 kuma kada ya ruɗu: ƙarin bayit ɗin fanko ne. Fayil ɗin /proc/asound/card1/stream0 shi ke fayyace abin da na'ura ke iyawa.

Na biyu, ƴan tsakiya. PulseAudio, manhajar da ke tsakanin ALSA da manhajar naɗi, na zuwa da s16le, wato bit 16, a saitinsa na asali, don haka yana iya datse bit takwas shiru, sai an gyara fayil ɗin saitinsa, daemon.conf. Shi ma plughw, ɗaya ƙofar ALSA, na juya zubi ba tare da sanarwa ba.

Na uku, manhajar naɗi. A Audacity, ana iya naɗa da zurfi mai yawa, a zo fitar da fayil a bar zaɓin bit 16.

Tattaunawa

Naɗin awa ɗaya mai layi biyu a kilohaz 48 na cin megabayit 691 da bit 16, da bit 24 kuwa 1,037. Ribar wannan ƙari tana wajen naɗi: a sassauta ƙarfin makirufo don kada bugun kalangu ya fashe, muryar dattijo kuma ba ta nutse ba. Sai dai bit 24 ba ya maganin gunjin lantarki mai haz 50 ko ƙarar janareta.

Kammalawa

A naɗa da bit 24 don taska, a sauke zuwa 16 don watsawa a zangon FM. Kafin a fita ƙauye, a duba stream0, a gwada manhajar naɗi ta ALSA, arecord, ta hw, sannan a tabbatar da zurfin fayil ɗin da ya fito.