Sarƙar Santambul

Jama'a, in fatauci ya kai ku Santambul, kada ku tsaya iya kasuwa. Masu zagayawa da baƙi za su kai ku Aya Sofiya, majami'ar da Rumawa suka kammala a 537. To, ku ce su nuna muku guntun sarƙar ƙarfen nan da ke gidan tarihi. Da ita Rumawa suka datse mashigar jiragen ruwan birnin a 1453. Sarki Muhammadu Alfatihi sai ya kewaye ta: aka shimfiɗa itace, aka shafa kitse, mutane da shanu suka ja jirage kusan 70 ta tudu. Ran 29 ga Mayu aka ci birnin, majami'ar ta koma masallaci. Makiyaya, kun ji: har da shanu aka ci Santambul.