Gidaje Dubu Uku, Ba Mashaya Ko Ɗaya

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Hither Green, kudu maso gabashin Landan, ya nufi Catford da ƙafa, zai ratsa miƙaƙƙun tituna masu sunayen ƙasar Sikotland: Torridon, Ardgowan, Muirkirk, Balloch. Gidajen jan bulo ne jere reras, ga coci, ga makaranta, ga ɗakin karatu, amma abin da Bature ya saba gani a bakin kowace kwana, wato mashaya, babu shi. Ba mantuwa aka yi ba. A 1896 Archibald Cameron Corbett, ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai wakiltar Tradeston ta Glasgow, ya sayi gonaki eka 278 a wurin, ya gina gidaje wajen 3,000, ya kuma gindaya sharaɗi a takardun filin cewa ba za a sayar da barasa a unguwar ba. Corbett ya rasu a 1933, sharaɗinsa kuwa har yau yana aiki.

Kafin a auna hikimar mutumin nan sai an gane abin da ke zaunar da mutum a mashaya, domin ba ƙishirwa ba ce. Bashi ne. Al'adar Ingila ita ce zagaye: abokai biyar su zauna, ɗaya ya tashi ya saya wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, haka har layi ya zagayo. Wanda ya shigo da niyyar kofi ɗaya sai ya sha biyar, saboda tashi kafin ya rama rowa ce, ƙin karɓa kuma wulaƙanta mai tayi ne. Bahaushe ya san irin wannan ɗauri a bikin da mata ke yi wa juna, inda wadda aka kai wa gudummawa ba ta da sukuni sai ta mayar. Bambancin kawai, wannan bashin da albashin mako ake biyansa, a daren da aka karɓe shi, iyali na gida suna jira.

Babu inda wannan ɗauri ya fito fili kamar Koriya, shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta. A can mutum ba ya zuba wa kansa. Ƙarami yakan riƙe kwalbar giyarsu ta soju da hannu biyu ya zuba wa babba, ya karɓi nasa da hannu biyu, ya kau da fuska gefe kafin ya kurɓa, kamar yadda ɗan Hausa ba ya haɗa ido da mahaifinsa. A liyafar ma'aikata da suke kira hoesik, kofin da maigida ya miƙo umarni ne da ya sa rigar kyauta. Wasanninsu na sha ma tsofaffi ne ƙwarai. A 1975, da ake haƙa tafkin Anapji a Gyeongju, babban birnin daular Silla, an tsinci wani ɗan katako mai fuska 14 irin na ludo, ana ce masa juryeonggu. Kowace fuska da hukuncinta a rubuce: wannan ya shanye kofi uku a jere, wancan ya yi rawa ba kiɗa, wani ya bari a daki hancinsa. Abin lura shi ne katakon yana ɗauke wa mutum zaɓi, kuma yana ɗauke wa abokansa laifi, tunda ba wanda ya tilasta shi, wai sa'a ce ta faɗo kansa. Zagayen Ingila ba shi da katako, ba shi da sunkuyar da kai, amma aikinsa ɗaya: ya mai da "na ƙoshi" abin kunya.

Gwamnatin Birtaniya da kanta ta gane haka a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1915, ganin maye na rage aiki a masana'antun makamai da tashoshin jiragen ruwa, aka taƙaita lokutan buɗe mashaya, aka kuma haramta wa mutum ya saya wa wani abin sha. Dokar ta hau kan mashayun Catford kamar sauran na Landan, hukuncinta na iya kaiwa wata shida a kurkuku, har an taɓa cin tarar miji don ya saya wa matarsa. Maye ya ragu ƙwarai a shekarun yaƙin, ko da yake ƙarin haraji, rage ƙarfin giya da tafiyar maza fagen daga duk sun taimaka. Amma a 1919 aka soke dokar hana saya wa wani, zagaye ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Dokar da ta shiga tsakanin aboki da aboki sai ta sa ɗan sanda a kowane tebur, kuma ba jama'ar da za ta jure haka bayan an daina jin ƙarar bindiga. Corbett bai nemi ya tsaya tsakanin hannu da kofi ba. Teburin ya hana a kafa tun farko, shi ya sa nasa ya wuce shekara 100, na gwamnati bai cika 4 ba.

Mai musu zai ce ai yaudarar kai ce, tunda mashaya na nan a bakin iyaka: Station Hotel kusa da tashar jirgin, da tsoffin mashayun Rushey Green a Catford, irin su wadda a da ake kira Black Horse and Harrow. Mutanen Kano sun san wannan magana, don ita ake yi a kan Sabon Gari tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000. Gaskiya ne wanda ya ƙudurta sha zai taka ya je. Sai dai ba shi ne abin damuwar ba. Wanda zagaye ke kamawa shi ne mai komawa gida da maƙwabci ya kira daga bakin ƙofa, kunya ta hana shi wucewa. Tafiyar minti goma sha biyar ta isa ta mai da abin da ake faɗawa ciki ba shiri ya zama abin da sai an yi niyya, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai gidaje da yawa da suka tsira da kuɗin cefane.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ga yadda za a kauce mata gaba ɗaya ba. Attajiri guda ne ya yanke wa jikokin mutanen da bai taɓa gani ba yadda za su yi hira. Ana iya cewa masu sayen farko sun san sharaɗin suka saya, yawancinsu akawu da ƙananan ma'aikata masu shiga birni a jirgi, kuma natsuwar unguwar na cikin abin da ya ja su. Amma mashaya a Ingila ita ce majalisa, can ake jin labarin aiki, can baƙo ke sanin maƙwabta, kamar fada a Maraɗi ko Damagaram inda butar shayi ke zagayawa sau uku ba wanda ya bugu. Wanda ya rufe majalisa bai buɗe wata ba ya bar mutane kowa a bayan ƙofarsa. Corbett ya hango giɓin, ko da bai cike shi duka ba, domin ya ware filaye na coci-coci da wuraren taruwa, kuma a 1907 aka buɗe ɗakin karatu a titin Torridon da kuɗin attajirin nan Andrew Carnegie. Tun 2016 mazauna unguwar ne ke tafiyar da shi da aikin sa kai, suna haɗuwa a ciki don karatu da tarurrukan unguwa, sunan Corbett kuma suka sa masa.