Ƙauna: Ƙoƙari ko Ƙaddara?

Hausawa na cewa matar mutum kabarinsa, wato wadda aka rubuta maka ba za ta wuce ka ba. Suna kuma cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Tsakanin waɗannan karin magana biyu ne matasa da ma'aurata ke tambayarmu: shin ƙauna tana bukatar ƙoƙari, ko kuwa a bar wa ƙaddara?

Abin da Nassi ya koyar

Littafi Mai Tsarki yana koyar da tanadin Allah. Karin Magana 19:14 ta nuna mana cewa samun mace ta kirki kyautar Ubangiji ce. Amma a labaran aure na Nassi, tanadin nan yana tafiya tare da aikin mutum.

A Farawa 24, bawan Ibrahim ya ɗauki raƙuma 10, ya yi doguwar tafiya, ya yi addu'a a bakin rijiya, kafin ya samo wa Ishaku Rifkatu. A Farawa 29, Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara 7 domin Rahila. Da aka yaudare shi da Lai'atu, ya ƙara wasu 7. A Rut 4, Bo'aza ya tafi ƙofar gari, ya tara dattawa 10, ya daidaita maganar fansa a gabansu kafin ya auri Rut.

Manomin Sundimina ko na Gwaram ya san wannan. Ruwan sama na Allah ne, amma sharar gona, shuka, noman farko da maimai nasa ne. Wanda ya kwanta da damina ba ya dora wa ƙaddara laifin rumbunsa.

Iyakar ƙoƙari

Ƙoƙari bai ba saurayi izinin matsa wa yarinyar da ta ce ba ta so ba, balle zuwa wurin boka neman farin jini. An tambayi Rifkatu ko za ta tafi, ita ce ta amsa da bakinta. Idan an ƙi mu, mu haƙura, mu bar wa Allah abin da ba ya hannunmu.

Bayan ɗaurin aure

Nan ne yawancinmu muke sakaci. Afisawa 5:25 umarni ne ga maza su ƙaunaci matansu, umarni kuwa aikata shi ake yi. Magidancin da ya tafi cin rani Kano ko Legas, ya kira gida, ya aiko da cefane, ya dawo a kan lokaci. Mai laifi ya nemi gafara. Matar da ake duka ko ake bari da yunwa, kada a ce mata haka aka ƙaddara. A kai maganar gaban fasto da dattawan ikkilisiya.

Saboda haka mu yi addu'a, mu nemi shawara, mu yi aikinmu da aminci. Ubangiji shi ne mai ba da albarka.